Taswirar tauraron ɗan Adam ko gwajin ƙasa kafin haƙa burtsatse?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambayi wanne ya fi kafin ka haƙa burtsatse a fulotinka a Zariya. Tsakanin taswirar ruwa da aka ce za a haɗa maka daga hoton tauraron ɗan Adam da gwajin ƙasa na wayar lantarki da turaku, ka ɗauki gwajin ƙasa.

Ƙarƙashin Zariya dutse ne, irin wanda ya leƙo a Kufena. Ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogi, shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa, kai da katanga kawai ta raba ku ka haƙa ƙura ta yi ta tashi.

Da za mu haƙa tamu a Hanwa, wani matashi da ya karanta ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ne ya yi mana. Ya kafa turakun ƙarfe huɗu a jere, ya tura lantarki cikin ƙasa, yana ƙara tazarar na gefe yana rubuta abin da na'urar ta nuna, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin wuta ta wuce, busasshen dutse kuwa yana tare ta. Ni bakin ƙofa nake so saboda sauƙin shigowar mota. Ya ce a'a Baba, bayan kicin za a haƙa, har ya faɗi zurfin da za a tarar da tsagar. Haka kuwa aka tarar. Ko a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyin unguwa ke ƙafewa, yaran maƙwabta suna ɗiba a gidanmu. Allah ya saka masa da alheri.

Taswirar kuma tana da nata amfanin, amma ga hukuma mai son sanin wane yanki ya fi alamar ruwa, misali gefen kogin Galma ko na Kubanni. Gangara, magudanai, ruwan sama da layukan tsaga ake ɗorawa a kwamfuta. Ɗigo ɗaya na hoton tauraron ɗan Adam na Landsat yana wakiltar fili mai mita 30 ne kowane gefe, fulotinka na ƙafa 50 da 100 rabinsa ne kawai, kuma hoton ba ya nuna zurfi.

Ka yi hattara da masu ɗauko hoton Google Earth su shafa masa kore da ja su ce bincike ne. Kada kuma ka bari mai injin haƙa ya kawo nasa mai gwajin, don shi bai taɓa cewa babu ruwa ba. Ka nemi rubutaccen rahoto da alƙaluman awon a ciki, da suna da lambar wanda ya yi. Ranar haƙa ka tsaya da kanka ka ƙirga bututun da ke shiga, saboda wasu suna ƙara mita a baki. In da hali ka bari sai bazara, ruwan da aka samu a Agusta yana yaudara.