Global ko Shun: Wace Wuƙa Za Ka Ɗauka?

Duka biyun ƙirar Japan ne, amma a hannu ba ɗaya suke ba. Global, wadda kamfanin Yoshikin na Niigata ya fara fitarwa a 1985, ƙarfe ce zalla har mariƙi. Cikin mariƙin fanko ne, an zuba masa yashi don daidaita nauyi, shi ya sa ko kwandon albasa ka yanka hannu ba ya gajiya. Sai dai in hannunka da mai, takan yi santsi.

Shun kuwa 'yar Seki ce, garin maƙeran takobi. Ƙarfenta ya fi tauri, kaifinta na daɗewa. Amma sari ƙashin kaza da ita ka gani, bakin zai iya ɓalgacewa. Galibi kuma ta fi tsada.

Ni dai Global zan ɗauka, washinta ya fi sauƙi.