Ya sayar mini da ƙarfen P20 a matsayin 1.2083, ku yi hattara

Naira miliyan 2 da dubu 400. Tun shekaranjiya nake maimaita wannan adadi, barci ya gagara. Miliyan 2 da dubu 400 na tura wa wani ɗan damfara da muka haɗu a WhatsApp, wai daga Legas yake kawo ƙarfen mol, wato mazubin da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta ɗau siffa.

Kada wani ya ce mini sakarci ne. Ba jiya na fara sassaƙa mol ɗin roba ba. Aikin wata masana'anta ne a Sharaɗa, mol na gwiwar bututun PVC. Duk ɗan sana'a ya san PVC in ta ɗau zafi tana fitar da asid mai cin ƙarfe, dole sai ƙarfe mai kuromiyom, sinadarin da ke hana tsatsa, kusan kashi 13 cikin ɗari, wato 1.2083, wanda wasu ke kira 420. Shi na nema. Ɗan damfarar ya ce, "Alhaji, wallahi in ya yi tsatsa ka maido mini." Muryarsa har yanzu tana kunnena. "In ya yi tsatsa ka maido mini." Ga lamba an rubuta a jikin ƙarfen, ga takarda da tambari.

Kwana 12 mol ɗin ya yi yana aiki, fuskarsa ta cika da ƙananan ramuka kamar zanzana. Af, kafin nan ma yarona ya ce, "Oga, ƙarfen nan yana cin wuƙa." Da gaskiyarsa, 1.2083 da laushi yake zuwa, P20, wani ƙarfen mol mai ƙarancin kuromiyom, shi ake kawowa da taurinsa. Na ce ya yi aikinsa. Wannan ne ke cina.

Maganaɗisu kuwa bai raba gardama, dukansu yana kama su. Mun gasa shi a digiri 1030, aka tsoma a mai, aka sake ɗumama shi sau biyu a 250, taurin ya kai 50 a ma'aunin taurin ƙarfe na HRC, na ce alhamdulillahi. Ashe P20 ma yana yin tauri. Sai da aka ɗora masa na'urar gwajin sinadari: kuromiyom bai cika kashi 2 ba, wato P20 ne.

Yanzu layin ɗan damfarar a kashe, mai masana'anta na neman kuɗinsa, ni kuma miliyan 2 da dubu 400 sun tafi, ban da kuɗin gashi da aikin wata guda. Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki suna nan, zan saka su anjima.

A gwada ƙarfe a gabanku kafin ku tura ko sisi.