Nike Air DT Max '96: takalmin Deion Sanders ya fi dacewa da koci fiye da ɗan wasa

Wanda zai sayi Nike Air DT Max '96 don ya buga ƙwallo da shi, gara ya riƙe kuɗinsa. Wanda kuwa yake neman kambas mai ƙwari da zai yini a tsaye da shi a bakin fili, ko ya sa da wandon jins ranar fita, ya sami abin da yake nema, muddin ya san inda takalmin yake da rauni. Dalilin wannan hukunci yana cikin tarihin mutumin da aka ƙera takalmin dominsa.

An haifi Deion Sanders a garin Fort Myers na jihar Fulorida ta Amurka a 1967. A Jami'ar Florida State wasanni uku ya haɗa: ƙwallon Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga fiye da tamaula, da besbol, da tseren gudu. A 1989 ƙungiyar Atlanta Falcons ta ɗauke shi a matsayin na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a shekarar kuma ya fara buga wa New York Yankees besbol. Ranar 11 ga Oktoba 1992 ya buga wa Falcons wasa da rana a Mayami, ya hau jirgi zuwa Pittsburgh ya sa rigar ƙungiyar besbol ta Atlanta Braves da dare, ko da yake ba a sa shi a wasan na biyu ba. A World Series na shekarar, wato wasannin ƙarshe na kofin besbol, ya yi bugu 8 masu kyau cikin 15, amma Toronto ce ta ɗauki kofin. Daga baya ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na kofin NFL, sau biyu a jere, da San Francisco 49ers a farkon 1995, da Dallas Cowboys a farkon 1996. Har yau babu wani da ya taɓa buga waɗannan manyan wasanni biyu in ba shi ba.

Sunan takalmin ma daga nan ya fito. Harafin D na nufin filin besbol mai kusurwa huɗu, T kuwa ciyawar roba da ake shimfiɗawa a filaye. Na farko a jerin, Air Diamond Turf, ya fito a 1993, wannan kuma a 1996. Abin dariya, a 1996 Sanders bai buga besbol ba sam. Ya tattara ƙarfinsa ga Cowboys, yana tsaron baya yana kuma kama ƙwallo a gaba, har ya kama 36 a kakar.

Aikin mai tsaron baya irinsa shi ne gudu da baya-baya yana kallon abokin karawa, sannan ya juya farat ɗaya ya bi shi. A besbol kuma tsakanin tudu da tudu, matsayan da mai bugu yake zagayawa da gudu, ƙafa 90 ne, wato mita 27 da ɗoriya, kuma Sanders ya saci tudu, wato ya ruga zuwa na gaba tun ba a bugi ƙwallo ba, sau 56 a 1997 kaɗai. Duk wannan gajeren gudu ne da birki da karkata. Ciyawar roba ta wancan zamani kuwa siririn kafet ce a kan ƙasa mai tauri, tana kama takalmi ta ƙi saki. Abin da ƙafa take bukata a irin wannan fili shi ne kada ta zame a cikin takalmin, kada kuma babban yatsa ya lanƙwashe fiye da kima. Shi ya sa aka yi masa faffaɗan ƙasa, da fata mai kauri, da maɗauri a gadon ƙafa, da jakar iska a dunduniya don ta sha dukan ƙasa.

Wanda Nike ta sake fitarwa a 2024, a kan dala 170 a Amurka, ya bi tsarin na asali sosai. Ga zanen nan mai kama da yagar farata a gefe, ga jakar iskar da ake gani ta taga a dunduniya, ga fuskar Sanders a ƙasan takalmin in an kifa shi. Dawowar tasa ma tana da nasaba da aikin koci. Sanders ya daɗe tare da kamfanin kayan wasa na Under Armour, yana sukar Nike kan abin da ta biya shi a da. Ya horar da ƙungiyar Jami'ar Jackson State ta jihar Misisifi daga 2020 zuwa 2022, ya ci wasa 27 aka ci shi 6. A Disamba 2022 ya koma Jami'ar Kolorado, wadda Nike ke yi wa kayan wasa, kuma a 2023 aka sasanta. Ƙungiyar da ya tarar wasa ɗaya tal ta ci cikin 12 kafin zuwansa. Ta ci 4 a 2023, ta ci 9 a 2024, shekarar da ɗan wasansa Travis Hunter ya karɓi kyautar Heisman, ta gwarzon ƙwallon Amurka na jami'o'i, yana buga baya da gaba kamar yadda ubangidansa ya yi. A bakin filin Kolorado jama'a suka sake ganin takalmin, a ƙafar mutumin da yanzu tsayuwa da zirga-zirga ne aikinsa.

A wannan aiki kuwa takalmin ba ya da laifi. Faɗin ƙasansa yana sa mutum ya tsaya daram, dunduniya tana da taushi daidai gwargwado, maɗaurin kuma yana hana ƙafa yawo. Mai horar da yara, da malamin motsa jiki, da duk wanda yake awa uku ko huɗu a tsaye a kan siminti zai ji daɗinsa. Gaban takalmin dai da tauri yake zuwa. Kwanakin farko zai ƙi lanƙwasa, fatar za ta riƙa danna saman yatsu. A sa shi awa ɗaya zuwa biyu a rana da safa mai kauri na kamar mako guda kafin a yini da shi. Wanda ya yi gaggawa zai kwana da bororo a ɗan yatsa ko a bayan dunduniya.

Inda ya gaza shi ne wasa. Takalmin gudu na yanzu yakan tsaya tsakanin giram 250 da 300, wannan kuwa ya ɗara haka nesa ba kusa ba, kuma nauyin ƙafa ne yake fara gajiyar da mai dogon gudu. Ga tamaula ma bai yi ba: hancinsa ya yi kauri, ba a jin ƙwallo, maɗaurin kuma yana zaune daidai wurin da ake buga ta. Ƙasansa ba shi da ƙusoshi, don haka a kan ciyawa mai laima santsi zai kwashi mutum. Ciyawar roba ta zamani ma ta bambanta da ta 1996. Doguwa ce, an cika ta da yashi da garin roba, kuma 'yan wasan Kolorado da suke son wannan zane samfurin mai ƙusoshi suke sawa. A ƙwallon kwando za a iya lallaɓawa da shi, amma dunduniyar ta yi tudu, kuma ba don dirowa daga tsalle aka yi gabansa ba.

Batun lamba yana bukatar natsuwa, domin yawanci daga nesa ake yin oda. A jingina takarda da bango, a taka ta da safa, dunduniya na taɓa bangon, a yi alama a bakin yatsan da ya fi tsawo. Da yamma za a auna, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma a auna duka biyun a ɗauki babbar. A ma'aunin Nike na maza, lamba 9 ta Amurka ita ce 42.5 ta Turai, an rubuta mata santimita 27. Lamba 10 ita ce 44, santimita 28. Lamba 11 kuma 45, santimita 29. A bar rarar da ta kai faɗin babban yatsan hannu a gaba. Mai faɗin ƙafa, musamman wanda ya saba da silifa da takalmin fata buɗaɗɗe, ya ƙara rabin lamba. Mai ciwon suga ko matsalar gudun jini a ƙafa kada ya sayi matsattse da fatan zai saki. Shi kansa Sanders a 2021 an yanke masa yatsu biyu na ƙafar hagu saboda daskarewar jini, bayan shekaru yana fama da ciwon yatsa tun yana wasa.

Akwai wani abu da masu sharhi na Amurka ba za su kawo ba. Wuyan takalmin matsattse ne, ga igiya ga maɗauri. Mai cire takalmi sau biyar a rana don alwala da shiga masallaci zai ƙosa da shi, kuma in ya ƙosa zai fara tura ƙafa da ƙarfi yana take bayan. Da zarar abin da ke tallafe da dunduniya ya karye, ba ya miƙewa. Hanyar ita ce a ɓalle maɗauri, a sassauta igiya har rami na uku daga sama, a ja baya da yatsa, sannan a zura ƙafa. A kuma tsane ƙafa kafin a sa, domin fatar ba ta shan iska sosai, laima in ta zauna ciki wari ne zai biyo baya. A watannin bazara ma zafi kawai ya isa ya jiƙa safa.

Jakar iskar ita ce abin lallashi. Iskar gas ce aka rufe a cikin roba, ba ta da bakin hurawa, in ta huje ta tafi ke nan. Alamar ita ce dunduniya ɗaya ta zauna, ko a ji tana ƙara in an taka, ko tagar ta yi hazo. Ƙayar aduwa, ƙusa da tsinin waya duk suna iya shiga ta gefe. Salansar babur mai zafi tana narka gefen dunduniya. Amma wanda ya fi kashe irin wannan takalmi shi ne mai gyara da kyakkyawar niyya. Al'adar kai sabon takalmi a zagaye shi da ɗinki don ya yi ƙarko tana da amfani ga wasu takalman, a nan kuwa basilla ɗaya a dunduniya ta gama da shi. In ƙasan ya fara ɗagowa, gam za a sa: a kankare tsohon, a goge ƙura, a shafa siriri a fuska biyu, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, a haɗa a danne, a bar shi awa 24. In dole sai an yi ɗinki, a tsaya a hanci.

Maɗaurin irin mannen nan ne mai kama kamar ƙarangiya, kuma ƙurar hunturu da zaren safa suna cika shi har ya daina riƙewa. Tsohon buroshin haƙori ko allura suna fitar da dattin. A riƙa manne shi in an ajiye. Wajen wanki, a fara kaɗe ƙura da busasshen buroshi, domin jar ƙasa in ta haɗu da ruwa rini take zama a kan farar fata. Ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a rabin lita na ruwa mai ɗumi ya isa. A goge da tsumma, kada a jiƙa shi a bokiti, kada a sa bilic. A cusa takarda marar rubutu a ciki a shanya a inuwa. Rana tana mayar da farin rawaya, tana kuma sassauta gam, haka ma barin sa a cikin mota a rufe. Mai baƙi da fari ya fi mai fari zalla jure ƙura.

Jabu ya yi yawa, don haka a duba lambar samfur da ke jikin takardar cikin takalmin, a na 2024 haruffa biyu ne da lambobi huɗu, sai ɗan layi da lambobi uku, a tabbata ta yi daidai da ta jikin kwali, a kuma neme ta a intanet a ga ko launin da ta nuna shi ne a hannu. A jabu jakar iskar takan zama roba ce daskararriya, ko kuma ta yi laushi har ta lotsa da ɗan yatsa, fuskar da ke ƙasa kuma takan fito a dagule.

Na gwanjo yana da nasa tarkon. An sha sake fitar da takalmin kafin 2024, kuma takardar ciki tana ɗauke da watan da shekarar da aka ƙera shi. Soson da ake yi wa takalma masu jakar iska da yawa yana shan laimar iska a hankali ya ruɓe, ko da ba a taɓa sa shi ba. Wanda aka ajiye a kwali ma ya fi saurin lalacewa. Shi ya sa ake ganin takalmi fes a ido, a taka shi kwana biyu ƙasan ya marmashe kamar busasshen burodi. A danna soson da farce a gefen dunduniya: in ya dawo, da sauransa, in ya bar rami, ko ya yi danƙo, ko ya zubo da gari, a mayar wa mai shi. Wanda ya haura shekara goma da ƙerawa, a yi cinikinsa a matsayin na ajiya a kanta, ba na sawa ba.