Intanet na gida: layin tarho na dayil-of ko burodiband?

Dayil-of shi ne tsarin da kwamfuta ke buga lambar kamfanin intanet ta layin tarho na gida, modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin, ya yi ta ƙara da tsuwa na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya haɗu. Iyakar gudunsa kilobit 56 ne a daƙiƙa, bisa ma'aunin V.90 na 1998, kuma a aikace da wuya ya wuce 50. Dalili kuwa, ta hanyar da aka tanada wa muryar mutum yake bi, wadda mitarta ba ta wuce hertz 3,400 ba. Ko wane modem ka saya, nan zai tsaya.

A wannan gudun, hoton wayar salula mai megabait 5 zai ci kusan minti 13 kafin ya sauka. Sabunta manhaja mai gigabait 1 zai ɗauki fiye da awa 44, aikin da layi mai megabit 25 ke gamawa cikin minti biyar da ɗan ɗori. Maganar kiran bidiyo ma ba ta taso ba. Ga shi muddin kana kan intanet, mai kiran gidanka zai ji layi a toshe, in kuma tsarin jiran kira yana kunne, kira ɗaya ya isa ya katse ka. Tsohuwar waya mai tsatsa ko wadda danshi ya shiga tana jawo shaushau a layi, sai modem ya rage gudu da kansa. Hatta kamfanin AOL, wanda ya yi suna da wannan hidima a Amurka, ya rufe ta a watan Satumban 2025. Amfanin dayil-of bai wuce wa mai karanta imel na rubutu zalla a inda babu wani zaɓi ba.

Burodiband, wato intanet mai sauri da ba sai an buga lamba ba, shi ne abin saye, sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Nau'insa da ake kira ADSL ma wayar tarho yake bi, amma ta mitar da ke sama da ta murya, shi ya sa kana iya waya kana lilo a lokaci guda. Sharaɗin shi ne a maƙala 'yar matatar layi a bakin kowane tarho. In aka manta guda ɗaya, intanet zai riƙa yankewa duk sa'ad da aka ɗaga kan tarhon. ADSL2+ na kaiwa megabit 24 a takarda, amma nisa na cinye shi: gidan da ke kilomita huɗu ko biyar daga cibiyar tarho kaɗan zai samu. Kebul irin na talabijin ya fi shi gudu, sai dai da maƙwabta kuke rabawa, don haka yakan yi nauyi da dare. In faiba ta iso ƙofar gidanka, kada ka yi wata-wata. Haske take ɗauka ta zaren gilashi, nisan unguwa bai dame ta ba, kuma tana kai gigabit guda, wato megabit 1,000.

Kafin ka sa hannu a takarda, ka kula da kalmar "har zuwa" a tallarsu. Ka nemi a faɗa maka gudun da adireshinka zai samu, na saukewa da na aikawa, domin na aikawa ne ke riƙe kiran bidiyo, kuma a ADSL bai cika wuce megabit 1 ba. Ka tambayi ko akwai iyakar data a wata, da kuɗin hayar rauta, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, da tarar fita kafin wa'adi. Megabit ba megabait ba ne: raba da takwas, layin megabit 40 megabait 5 yake saukewa a daƙiƙa.

Ranar da aka haɗa, ka gwada gudun da wayar da ke haɗa kwamfuta da rauta, sau ɗaya da safe, sau ɗaya bayan isha'i. In ta waya ya cika amma waifai na ja da baya, matsalar a cikin gida take. Fito da rautar daga bayan talabijin ko cikin kabad, ka ɗora ta sama a tsakiyar gida.