Saitin tura wuta ba tare da waya ba: abin da yake iyawa, da irin malamin da ɗalibi zai nema

Ɗaliban injiniyancin lantarki na manyan makarantun Legas, wato UNILAG da Yabatech da LASU, da suka zaɓi furojet na tura wuta ba tare da waya ba, da yawansu a kasuwar Alaba ko Computer Village ta Ikeja suke fara neman kaya. Abin da aka fi miƙo musu shi ne ƙaramin saiti mai allo biyu, kowanne da kwayil ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, ɗaya yana turawa, ɗaya yana karɓa yana fitar da bolt 5.

A ganinmu saitin ya cancanci saye, amma don koyo. Idan kwayil biyun suna daf da juna, kuma tsakiyarsu ta yi daidai, zai kunna fitila har ya ɗan caja wayar hannu. Da zarar an ja su baya da 'yan santimita kaɗan, wutar ta faɗi warwas, domin maganaɗisun da mai turawa yake haifarwa kaɗan ne kawai yake ratsa mai karɓa. Wanda ya ga labarin masanan jami'ar MIT ta Amurka da suka kunna kwan fitila mai wat 60 daga nisan mita 2 a shekarar 2007, ya sani cewa da manyan kwayil suka yi, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na wutar ne ya isa.

Inda saitin ya gaza shi ne ba ya koyar da dalili. Nan ne ake buƙatar malami, ko lakcara ne a sashe ko gogaggen mai gyara a shago. Kafin ka ba kowa amanar aikinka, tambaye shi yadda ake daidaita kwayil da kafasita, wato 'yar na'urar da ke ajiye caji. Kwayil mai maikurohenri 24 da kafasita mai nanofarad 100 suna daidaita da juna idan gudun kai da komon wutar ya kai kusan kilohaz 103, kuma dole mai turawa da mai karɓa su zauna kusa da wannan gudun. Wanda bai iya wannan lissafi ba, canje-canjen kaya kawai zai yi ta sa ka yi, kuɗinka na ƙarewa.

Ka kuma duba ko malamin yana da osiloskof, na'urar da ke nuna kai da komon wuta a allo. Mitar awon wuta mai araha ba ta karanta wuta mai kai da komo a wannan gudun daidai, sai ta ba ka lambar da za ka rubuta a rahoto alhali ƙarya ce.

Kurakuran da suka fi kashe aikin sanannu ne. Diyod, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, samfurin 1N4007 ba shi da saurin da ake buƙata a ɓangaren karɓa, a sa 1N5819. Kafasitar tangaran ta gama-gari tana zafi, ƙimarta tana gocewa, gara ta folifurofilin. Tiransista IRFZ44N, wadda ke aikin makunni, tana ƙonewa idan ba a buɗe ta da rufe ta da sauri ba, shi ya sa ake sa mata direba, wato 'yar na'urar da ke buɗe ta da rufe ta, irin TC4420. Waya mai kauri guda ɗaya ma asara ce, saboda a kilohaz 100 wutar tana bin fatar wayar ne kawai, zurfin kusan milimita 0.2, siraran wayoyi masu rufi da aka tufke sun fi. Kada a bar tsabar kuɗi ko makulli a tsakanin kwayil, suna zafi har su ƙona hannu.

Akwai masu cewa kawo kuɗi kawai, gobe ka zo ka ɗauki aiki a haɗe. Ɗan'uwa, ka guje su. Ranar kare furojet za a ce ka nuna ingancin na'urarka, wato kashi nawa na wutar da ta shiga ne ya fita, kuma auna shi ba wuya: sa rizista, abin da ke takura wuta, mai om 10 a bakin fita, bolt 5 zai ba ka wat 2.5, ka raba da wutar da ta shiga, sannan ka maimaita a tazarar milimita 5 da 10 da 20, ka zana jadawalin da hannunka.