Ƙwallon taswirar duniya na N18,000: tsaunukansa sun biya kuɗina, iyakokinsa sun tsufa

Ga iyaye da 'yan'uwana malamai da ke tambaya ko ƙwallon taswirar nan da ake sayarwa a shagunan littattafai na Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna ya kai a kashe masa kuɗi: ya kai, amma da sharaɗi. Nawa matsakaici ne, faɗinsa santimita 30, gindinsa na roba, da ƙwan fitila a ciki, kuma tsaunukansa a tashe suke, in ka shafa za ka ji tudu. Mai shagon ya fara da N25,000, muka daidaita a N18,000. "Malam, wallahi don kai ne," in ji shi. Na ce, "Alhaji, Allah ya saka," duk da na san haka yake gaya wa kowa.

Labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare a Kawo, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne taswirar bango. Yawancin waɗanda ke rataye a azuzuwanmu suna bin tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa. Su kam ta yi musu amfani. Amma tana kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da layin Ikweta, wanda ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, shi ya sa yaro zai ga tsibirin Girinlan ya kusa kai Afirka girma. Afirka murabba'in kilomita miliyan 30 ce, Girinlan kuwa miliyan 2 da ɗan kai, wato ta ninka shi kusan sau 14. A kan ƙwallon nan babu gardama: yatsu biyu sun rufe Girinlan, Afirka kuwa sai tafin hannu.

Inda kayan ya fi burge ni shi ne karkatar da aka yi masa a kan sandarsa, digiri 23 da rabi, daidai yadda duniya take. Akwai masu arha da aka kafe su tsaye ƙyam. Kada ka saya, ko kyauta aka ba ka na ado ne kawai. Da wannan karkatar da tocila ɗaya ka gama bayanin damina da rani. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da Ikweta, don haka rana tana tsayawa a tsakiyar kanmu sau biyu a shekara, a tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. Idan ƙasar arewa ta ɗau zafi, sai ta jawo iska mai laima daga Tekun Atlantika, hadari ya taso, mu samu ruwa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Idan rana ta koma kudu, sai iska ta juyo daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙurar Sahara, musamman ta kwarin Bodele da ke Chadi. Hunturunmu ke nan, hazon da ke hana jirage sauka, yake tsaga leɓe da diddige. Yaro ya aza yatsa ɗaya a kan shuɗin teku, ɗaya a kan launin ruwan ƙasa na hamada, ya ga Kaduna a tsakani, to ya fahimci abin da zan shafe mako ina rubutawa a allo. Tudun da aka yi wa tsaunukan Jos ma yana taimakawa: daga can Kogin Kaduna ya taso kafin ya je ya faɗa Kwara, kuma duwatsun Kagoro da ke gefen tsaunukan suna cikin dalilan da Kafanchan ta fi Zariya samun ruwa.

Wata ɗalibata 'yar aji huɗu ce ta juya shi, ta tsaya tana kallo, ta ce, "Malam, ƙugun Burazil kamar zai shige lungun Najeriya da Kamaru." Na ce, "Ke, zauna, kin riga littafi." Abin da Bajamushen nan Alfred Wegener ya gabatar ke nan a 1912, cewa nahiyoyi a da dunƙule suke wuri guda kafin su rabu. Masana zamaninsa suka yi watsi da shi, ya mutu a ƙanƙarar Girinlan a 1930, sai a shekarun 1960, da aka auna ƙasan teku, aka yarda yana da gaskiya. Afirka da Amurka ta Kudu sun rabu sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma har yau Atlantika tana ƙara faɗi da santimita 2 zuwa 5 a shekara, kamar dai tsiron farce. Tsagewar ta bar mana tabo a gida: kwarin Binuwai reshe ne na wannan tsagar da ya fara buɗewa ya tsaya, teku ta taɓa shiga cikinsa, ta bar duwatsun da ake siminti da su a Ashaka da Gboko. A kan taswirar bango gaɓoɓin biyu ba sa dacewa haka, saboda kumburin da na ambata.

Tarihi ma a nan yake zama daram. Ka bi da yatsa daga Kano zuwa Agadas, zuwa Ghat, zuwa Tarabulus a bakin Bahar Rum, ka ga abin da raƙumi ya riƙa ƙetarewa, ka gane dalilin da ya sa biranen kasuwa suka tsiro a bakin hamada, inda ayari ke sauke gishiri ya ɗauki fata da tufafi. Ka gangara kudu inda kore ya yi duhu, nan ƙudan tsando yake, mai sa dabba sammore, shi ne ya riƙa taka wa dawakin Zazzau birki. Ba banza ba cibiyar binciken wannan ƙuda ta ƙasa take da hedikwata a nan Kaduna. Ka dubi gabas: babu teku daga nan har Sawakin a bakin Bahar Maliya, shi ya sa kakanninmu suka riƙa tafiya hajji a ƙasa, wasu suka zauna a Sudan, jikokinsu na can har yau. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono kuwa, duk Tekun Atlantika ta tsare su a nahiyar Amurka sai bayan 1492. Yara ba sa yarda da wannan, musamman maganar barkono.

To, ga aibinsa. Wanda ya buga fatar ƙwallon tsohon zane ya kwafa. Sudan ɗaya ce a kai, alhali Sudan ta Kudu ta samu 'yanci tun 2011. Tafkin Chadi an zana shi makeke, yadda yake a shekarun 1960 lokacin da ya kai murabba'in kilomita 25,000, ba ɗan abin da ya rage yanzu ba. Akwai Kano da Legas da Abuja, babu Kaduna. Da alƙalami na ɗiga ta. Mahaɗin rabi biyun a kan Ikweta bai hau daidai ba, har Gabon ta ɗan goce. Tudun Himalaya an yi masa ƙari sosai, amma wannan na yafe, domin in da za a bi ma'auni, Everest mai tsayin mita 8,849 da ƙyar za ka ji shi a ƙarƙashin yatsa.

Fitilar cikin ita ce ta fi ba ni haushi. Da wutar NEPA kawai take aiki, ba ta da gurbin batir, ga wayar gajeriya. Kuma ko an kawo wuta, tana haska duniya gaba ɗaya lokaci guda, ba dare ba rana, wato ta rushe darasin da ka sayi abin dominsa. Da na koma shagon na tarar akwai irinsa sak marar fitila a N14,000, yaron shago ne bai fito da shi ba. Shi za ka nema. Kafin ka biya, ka sa a fito da shi daga kwali, ka juya shi ka ji ko yana sargafewa, ka duba mahaɗin Ikweta, domin a rasit ɗin sun rubuta ba a mayar da kaya.