Darussan masu siron mapul: abin da mai dafa rake a Damagaram zai iya ɗauka

Itacen mapul, wanda masu Faransanci ke kira erabul, ake kuma dafa ruwansa har ya yi kauri ya zama siro, ba ya fita a ƙasarmu, kuma ba zai fita ba: sai dare ya yi ƙanƙara rana ta narkar da ita kafin ruwansa ya zubo. Duk da haka, darussan da cibiyar Proctor ta Jami'ar Vermont da sashen mapul na Jami'ar Cornell a Amurka ke sakawa kyauta a YouTube sun cancanci mai dafa ruwan rake a Matamai ko Magarya ya zauna musu.

Su ma can sana'ar gado ce, ɗa yana koyo a bakin murhun ubansa. Amma ba su tsaya nan ba. Kafin lokacin tsaga itace don tatsar ruwansa, wanda ke kamawa daga Fabrairu zuwa Afrilu, ƙungiyoyinsu kan shirya taron koyarwa, malaman gona su zo da sakamakon gwaji, manoma su kawo matsalolin bara. Bidiyoyin nan daga irin wannan aiki suka fito, shi ya sa suke da nama.

Inda suka fi ƙarfi shi ne dahuwa. Ruwan mapul sukarinsa wajen kashi 2 ne cikin ɗari, siro kuwa sai ya kai 66. Suna da lissafi mai sauƙi: a raba 86 da yawan sukarin ruwan, abin da ya fito shi ne litar da za a dafa a samu lita ɗaya. Da kashi 2, lita 43 ke nan. Ba sa sauke tukunya da ido. Kowace safiya sai an tafasa ruwa zalla an auna zafinsa, sannan a sauke siro idan ya ɗara wannan da digiri 4. Wannan ya shafe mu ƙwarai, don a Zinder ruwa na tafasa kafin ya kai 100 saboda tudun wurin; wanda ya riƙe 104 a ka, sironsa zai wuce. In ya wuce, sukari ya daskare a gindin buteli. In bai kai ba, ya yi tsami ko fumfuna ta hau shi. Suna kuma nuna kuskuren da ake yawan yi da madubin auna sukari: a ɗiga masa siro mai zafi, tururi ya fita, adadin ya yi ƙarya. A bari ɗigon ya huce, kuma a riƙa daidaita madubin da ruwa mai tsabta. Kumfa in ta taso, ɗigon mai ɗaya ya isa ya kwantar da ita. A tace da zafi, a ɗura a kusan digiri 82 zuwa 85, a rufe nan take.

Sashen huda itace da bututun roba da injin tsotsa, a tsallake shi, ba namu ba ne.

Matsalolin darussan biyu ne. Komai da Ingilishi yake, awon kuma galan ne da inci da Faranayit, dole mutum ya zauna da biro ya juya su. Mai Faransanci gara ya nemi takardun Centre ACER na Kebek a Kanada, lardin da ke fitar da kusan kashi 70 cikin ɗari na siron duniya. Can lita ce da Salsiyos. Na biyu, kaskonsu na ƙarfe mara tsatsa mai faɗi ne, ruwa ba ya wuce santimita 5, wuta na cin gindinsa duka. Tukunyarmu mai zurfi ba ta fitar da tururi haka, don haka lokutan da suke faɗa ba za su yi daidai ba, kuma itace zai fi tafiya. Mazarƙwaila ma ana kai ta gaba da siro sosai kafin a zuba a mazubi, kada a ɗauki digiri 4 ɗin nan a ɗora mata.

Wanda zai fara, ya sayi ma'aunin zafi mai kai digiri 150 tukuna, madubin sukari ya biyo baya in hali ya samu.